Minti Biyu a Ɗakin Goggo Fengying

Unguwar Masallacin Mata,
12 ga wata na uku.

Zuwa ga ƙanena Ding Baoshan, a shagon taliya, Foshan.

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na ɗora maka karatun takarda, alhali na san daga asuba har isha hannunka yana cikin ƙullu. Da akwai yadda zan yi, da ban dame ka ba. Ina fata ka isa lafiya, ka tarar da Dongmei da yara lafiya. Yaya kafaɗar taka? Na ga kana dafe ta ranar da ka zo. Ni alhamdu lillahi, sai gwiwa da ta saba yi mini tsiya in sanyi zai fita.

Ka tsare ni a tsakar gida ka ce in ba ka labarin yadda mahaifiyarka ta cika, na kasa, saboda mutane. Ka zo ka tarar an rufe kabari, ba daidai ba ne a ce labarin ma ka rasa shi. Ga shi a rubuce.

Ranar Talata ce da hantsi. Na je taya Goggo tsince jar magaryar da take so ta aika wa jikokinta. Muna zaune bakin gado tana yi mini faɗa wai ina barin masu tsutsa. Ta ce, "Yulan, shekara hamsin da biyu, idonki kamar na kaza da magariba." Na ce, "Goggo, ai naki ne ya fi ƙarfin shekarunsa." Ta yi dariya. Can sai ta ce, "Wa ya rufe labule?" Ba wanda ya rufe. Ta sulale ƙasa, magarya ta watse.

Na kira sunanta ba ta amsa ba. Tana jan numfashi jefi-jefi, irin gargarar da na sani. Na kira lambar gaggawa. Wata yarinya ta ɗauka, ta karɓi adireshi, ta yi mini tambayoyi. Daga nan wayar ta katse. Na juya Goggo gefen dama, fuskarta yamma, inda alƙiblarmu take, na yi ta yi mata laƙani a kunne. Motar asibiti ta iso bayan minti goma sha ɗaya. Likitan ya liƙa mata na'ura, ya buɗe idonta ya duba, ya girgiza kai.

Ni na yi mata wanka, Lanying ta masallacinmu tana zuba ruwa, a gurbin da Goggo ta yi shekara ashirin tana tsayawa ta zuba mini. Jikinta fes, ko ƙwarzane babu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Magaryar na tattara na wanke, tana cikin ƙunshin nan tare da carbinta. Kada ka neme ni a waya. Tun ranar na kashe ta na sa a akwati, ba na son jin ƙararta.

Yayarka,
Tie Yulan

*

Foshan,
20 ga wata na uku.

Yaya Yulan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kafaɗa kuma ta zama abokiyar zama. A ƙasar nan kaf ke kaɗai kika rage mai sa mutum ya nemi biro da takarda. Dongmei ta ce ko lokacin da nake nemanta ban rubuta mata layi biyu ba. Ƙunshi ya iso. Yara sun cinye magaryar, ni ko ɗaya na kasa kaiwa baki.

Yaya, akwai layi ɗaya a takardarki da ya hana ni sukuni. Kin ce wayar ta katse.

Akwai wani ma'aikacin jinya da ke cin taliya a wajena kullum da rana, mai son barkono kamar an yi masa baki. Ya ga fuskata ya ce, "Mai shago, yau taliyarka ta yi kauri, wa ya mutu?" Na ce uwata. Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya ba ni haƙuri. Na karanta masa abin da kika rubuta. Da na zo wajen jan numfashi jefi-jefi sai ya tsayar da ni. Ya ce, "Wannan ba numfashi ba ne, zuciya ce ta tsaya yanzu-yanzu. Lokacin danna ƙirji ke nan. Ba su gaya wa yayar taka ta danna ba?" Na ce wayar katsewa ta yi. Ya ce, "Ta yaya? Ai doka ce yanzu."

Na bincika, gaskiyarsa. Tun bara garinmu ma ya yi dokar. Duk wanda ke ɗaukar kiran gaggawa dole ne ya tsaya a kan layi, ya koya wa mai kira yadda zai danna ƙirji, ya yi ta ƙirga masa har mota ta iso. In layi ya katse dole ya yi ta sake kira. Ba alfarma ba ce, aikinsa ne.

Minti goma sha ɗaya, Yaya! A minti goma sha ɗaya ina jan taliya kwano goma sha biyar. Uwata shekararta sittin da takwas, tana hawa bene huɗu da buhun gari. Aka bar ki ke kaɗai da ita a ƙasa, ba mai ce miki ga abin da za ki yi, don wata yarinya tana sauri ta koma kan shayinta.

Na shigar da ƙorafi a ofishinsu. Ba wani abu nake nema ba, so nake a san Inna mutum ce. Na gode da kika tsaya mata. Ban san da me zan saka miki ba.

Ƙanenki,
Baoshan

*

Unguwar Masallacin Mata,
29 ga wata na uku.

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Takardarka ta same ni lafiya. Ka gai da Dongmei, ka ce ta riƙa ɗora maka tawul mai zafi a kafaɗar bayan an rufe shago. Nan an fara ruwan bazara, itacen da ke ƙofar Goggo ya yi fure ba mai kallo.

Kada ka gode mini, don Allah. Godiyar ta yi mini nauyi.

Game da ƙorafin nan, ina roƙonka ka janye shi. Yarinyar ba ta yi mini rashin kunya ba, muryarta ma a natse take. Ajali in ya zo ba ya jiran mota. Goggo ba ta son hayaniya da hukuma, kai ma ka sani, ko kuɗin wuta aka yi mata kuskure cewa take a bar su da Allah. Ka bar maganar nan ta kwanta tare da ita.

Sadakar arba'in ta faɗo goma ga watan gobe. Na yi magana da Ahong, limamiyarmu ta masallacin mata, za ta zo da mata shida a yi sauka. Ni zan toya gurasar mai, kamar yadda Goggo take so, ƙanana, da tsaga biyu a tsakiya. In shago bai bar ka ka zo ba, ba komai, addu'a ba ta san nisa ba.

Yayarka,
Yulan

*

Foshan,
14 ga wata na huɗu.

Yaya,

Salam. Muna lafiya. Na yi shiru ne don da na amsa miki a ranar da na karanta takardarki, da na rubuta abin da ƙane ba ya rubuta wa yayarsa. Ban samu zuwa arba'in ba, mai taya ni jan taliya ya gudu. Na yanka tunkiya a nan.

Ki bar su da Allah, ki bar su da Allah. Haka muke kullum, shi ya sa ake taka mu. In na janye, gobe uwar wani ce a ƙasa.

Ga inda aka kwana. Sun amsa cewa kiran bai kai minti biyu ba, kuma sau ɗaya tak aka sake kira. Sun dakatar da yarinyar daga aiki tun farkon wata, lamba goma sha bakwai suke ce mata. Amma kin san abin da suka rubuto? Wai daga ɓangarenki aka kashe wayar. Ke! Na yi dariya har Dongmei ta fito daga kicin ta ce ko na zare. Na ɗauki hoton layin nan na takardarki, inda kika ce wayar ta katse, na aika musu, na kuma sa shi a intanet tare da labarin duka. Mutum dubu arba'in sun karanta. Wasu har sun gano sunanta.

Za a zauna kan maganar ranar takwas ga watan biyar. Na sa miki takarda a cikin nan, wani mai karatun shari'a ya tsara mini. Abin da ta ce kawai shi ne ba ke kika kashe wayar ba, kuma da an gaya miki ki danna da kin danna. Ki sa hannu, ki dangwala yatsa, ki kai musu.

Na gaya musu ko wace ce ke. Na ce matar da tun muna yara, in an fasa tulu Inna ba ta tambayar kowa sai ita. Matar da ta koma kasuwa cikin ƙanƙara don mai nama ya yi mata ƙarin awo bisa kuskure. Duk unguwa an san Yulan mai wanka ba ta ƙarya. Kalmarki ɗaya ta fi injinansu duka.

Baoshan

*

Unguwar Masallacin Mata,
24 ga wata na huɗu.

Ersa,

Assalamu alaikum. Na kira ka da sunanka na masallaci, wanda Goggo kaɗai ke kiran ka da shi, don abin da zan rubuta a gabanta nake rubuta shi. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba, kada ka karanta a bakin tukunya.

Ba zan sa hannu a takardarka ba. Ofishin gaskiya suka faɗa. Ni na kashe wayar.

Na rubuta maka cewa ta katse. Na daɗe ina juya kalmar kafin in zaɓe ta, na ce wa kaina ai ba ƙarya ba ce tunda ta katse ɗin. Malamarmu ta allo ta taɓa ce mana wanda ya rufe rijiya da tabarma bai tura kowa ba, amma shi ya kashe. Na san haka tun ina shekara tara.

Bari in fara daga inda abin ya fara. Sanyin shekara uku da suka wuce aka kawo mana matar Hai mai gyaran keke. Ta faɗi a tashar mota, wasu suka yi ta danna mata ƙirji har asibiti, ba ta tashi ba. Ina wanki, Goggo tana zuba ruwa da buta. Da na zo ƙirjin sai na ji yana motsi a ƙarƙashin tsumma kamar karan dawa a buhu. Ya yi baƙi, ya lotsa. Ba ita ce ta farko da na gani haka ba, amma ita ce ta farko da Goggo ta sani tun suna 'yan mata. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, yau ne na fara, Allah ya yafe mini.

Da muka fito muna shan shayi Goggo ta ce, "Yulan, in tawa ta zo kina kusa, kada ki bari a tattaka ni kamar ƙullun Ersa. Ki faɗa mini kalma a kunne, ki wanke ni da haƙarƙarina cif." Na ce, "Goggo, ke za ki zuba ruwa a nawa ai." Ta ce, "Rufe mini baki, sarkin wayo. Ce kin yi alkawari." Na ce na yi.

Ranar Talatar nan yarinyar ba ta ɓata ko daƙiƙa ba. Da na gaya mata yadda numfashin yake, ta ce, "Inna, ki buɗe lasifikar wayar ki ajiye ta a ƙasa. Ki kwantar da ita rigingine. Ki ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinta. Zan ƙirga, ki bi ni da ƙarfi, kada ki ji tsoro." Na durƙusa. Na ɗora hannuwan, wallahi na ɗora. Na ji ƙashin nan a tafina, siriri. Ta fara, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Muryarta ta cika ɗakin. Na tuna matar Hai. Na ce a raina gargara ce wannan, na gan ta sau ɗari, ba wadda ta dawo daga gare ta. Na ce matar da ta yi shekara arba'in tana azumin Litinin da Alhamis, abu na ƙarshe da zai shiga kunnenta ƙidaya ce? Na miƙa yatsa na danna jan maɓalli. Ta sake kira, na tura wayar ƙarƙashin bargo.

Da ka rubuto maganar ma'aikacin jinyar nan, na ce mutumin kudu ne, me ya sani game da mutuwa da ni ban sani ba. Haka na yi ta riƙe kaina har ranar arba'in.

Ranar, an gama sauka ana rabon gurasa, sai ga wata yarinya a bakin ƙofa, siririya, da tabarau, ta rungumo fararen furanni. Ba Musulma ba ce. Ta tsaya ta sunkuya sau uku irin nasu. Lanying ta ce, "Wannan kuma 'yar wa ce? Ta ɗauka gidan masu ƙona turare ta zo?" Yarinyar ta ce, "Ku yi haƙuri, ina neman Inna Tie." Kalma biyun farko na gane muryar.

Na ja ta kicin. Sunanta Lu Wen, shekararta ashirin da huɗu. Ta ce bai kamata ta zo ba, in aka ji za a ƙara mata laifi. Na ba ta gurasa ta gatsa da haƙori maimakon ta ɓara da hannu irin na al'adarmu, Lanying ta yi tsaki daga bakin ƙofa, na kore ta.

Lu Wen ta ce, "Inna, ba roƙo na zo yi ba. Abu ɗaya nake so in sani. Na saurari kiran nan sau talatin. Me na faɗa da ya sa kika kashe?"

Na ce, "Ba ki faɗi komai ba, 'yata."

"To ko na yi sauri ne? An ce ina da sauri."

Sai na gaya mata duk abin da na gaya maka. Ta ce ta sake kira sau ɗaya, ban ɗauka ba, sai ga kira huɗu a jere daga kan gada, babbar mota ta haye wasu. Ta ce wannan laifinta ne, doka ta ce a yi ta kira, ba ta musu. Na ce, "Ki gaya mini tsakani da Allah, haƙarƙari ba ya karyewa?" Ta ce, "Yana karyewa, Inna. Yana kuma warkewa." Na ce mutum nawa ta taɓa ji sun tashi. Ta ce waɗanda ta ƙirga wa da bakinta, cikin shekara biyu, tara ne suka tashi. Waɗanda ba su tashi ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, ba ta ɓoye mini ba. Amma tara. Ta ce ɗaya yana sayar da awara a kasuwar bakin gada.

Washegari na je. Ƙato ne, yana ɗaga bokitin ruwa biyu. Na sayi awara, na tambaye shi. Ya bushe da dariya ya nuna matarsa. Ya ce, "Haƙarƙari uku ta karya mini, Hajiya. Shekara talatin tana neman dalili, sai da hukuma ta ba ta izini." Matar ta ce, "Da na sani da na bar ka, ga bakin nan." Na riƙe awarata na tsaya a tsakiyar kasuwa kamar wadda aka dasa.

Ersa, shekara ashirin da shida ina wanke matan unguwar nan. Duk wadda aka danna ta mutu, wajena ake kawo ta. Wadda aka danna ta tashi, gida take komawa ta ɗora shayi, ba ta taɓa hawa allon wankana ba. Ni da Goggo rabin labari muka gani muka ɗauka duka ne. Ita ta tafi da uzurinta. Ni ce aka ƙirga wa a kunne na ƙi.

Ban sani ba ko da ta tashi. Lu Wen ma ta ce ba wanda zai iya sani. Amma na hana ta damar, na kuma bar ka ka jefi wadda ta yi ƙoƙarin ba ta. Mutanenka na intanet sun samo lambar uwar yarinyar, suna kiranta suna zagi. Da za ta tafi ba ta ce in je in faɗa ba. Kawai ta tambayi inda za ta ajiye furannin.

Ranar takwas zan je ofishin da bakina. Na so ka riga ni, ka janye da kanka, don kada a kunyata ka a gaban mutane da abin da ba kai ka shuka ba.

Yulan

*

Foshan,
3 ga wata na biyar.

Na karanta. Dongmei ta karanta. Kwana biyu ban buɗe shago ba.

Na yi ta nuna wa duniya rubutun hannunki ina cewa ga matar da ba ta ƙarya. Ba zan ce komai kan wannan ba yanzu.

Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki zaɓo mini kalma. Kin saya mata kalmar shahada da minti goma sha ɗaya. To ta faɗa? Inna ta faɗa?

Baoshan

*

Unguwar Masallacin Mata,
12 ga wata na biyar.

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na sake zuwa ƙofarka. Ina fata kai da Dongmei da yara kuna lafiya, kuma ka buɗe shago, don yaran ba su yi laifin komai ba.

Ba ta faɗa ba. Leɓenta bai motsa ba ko sau ɗaya. Ni na yi ta faɗa, bakina a kunnenta. Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Na so in rubuta maka cewa na ga yatsanta ya ɗaga. Bai ɗaga ba.

Na je ofishin ranar takwas. Mutum uku ne a bayan tebur, Lu Wen tana gefe da uwarta. Na faɗa musu kamar yadda na faɗa maka, ban rage komai ba sai sunan matar Hai. Babbansu ya ce, "Inna, kin san maganar nan kanki za ta koma?" Na ce can ne gidanta. Uwar yarinyar ba ta dube ni ba har aka tashi, kuma tana da gaskiya. Sun ce Lu Wen za ta koma aiki da gargaɗi a rubuce saboda kira ɗayan nan. Amma ƙorafinka yana nan buɗe a kan sunanta sai kai ka rufe shi, abin da ka sa a intanet kuma yana nan, har jiya ana zaginta.

Unguwa ta ji. Ahong ta kira ni ɗakinta, ta ce alkawarin da zai tare hanyar ceton rai ba a cika shi, kaffara ake yi. Ta ce da na tambaya. Gida biyu sun aiko cewa in tasu ta zo ba sa son hannuna. Wannan bai dame ni ba kamar ɗayan. Tsofaffi uku, kowace a ɓoye, sun ja ni gefe bayan sallar Juma'a. Uwar Lanying ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, kin kyauta wa Fengying. Ni ma haka za ki yi mini, kin ji?" Na ce, "Inna, ba zan yi ba. In ina kusa sai na danna." Ta ce, "Ashe ke ma sun saye ki." Ta saki hannuna.

Ofishin unguwa suna koyar da dannawar duk Asabar, a kan wani mutum-mutumin roba. Na je, ni kaɗai ce mai lulluɓi. Na durƙusa da gwiwar nan tawa. Malamin ya ce ba dole sai da lamba ake ƙirgawa ba, kowa ya kama abin da bakinsa ya saba da shi, in dai saurin ya yi daidai. Na fara dannawa, sai na ji bakina yana kalmar shahada da kansa, tana tafiya tare da hannuna, ba ta gaba ba ta baya. Malamin ya ce, "Yawwa Inna, haka, kada ki tsaya."

Hannu ne ke dannawa, Ersa. Baki ba abin da yake yi. Ranar nan da na yi duka biyun, dannawa da laƙani. Ba wanda ya ce in zaɓa, ni na zaɓa. Sai da aka ɗaga ni daga kan robar.

Ba gafara nake roƙo a takardar nan ba, wannan sai ranar da ka ga dama, ko babu ranar. Abu biyu ne. Na farko, ka rufe ƙorafin, ka sauke rubutun nan, in kuma sai an sa suna a wurin to ka sa nawa, Tie Yulan, mai wanka, Unguwar Masallacin Mata. Na biyu, sadakar kwana ɗari ta faɗo tara ga watan gobe. Ka san ba a toya gurasar mamaci sai da alwala da yardar masu shi. In ba ka son hannuna ya taɓa kaskon, ka faɗa, Lanying za ta toya, ni in tsaya a waje.

Na fito da wayar daga akwati, tana kunne, tana kan taga. Ko ta nan ko ta takarda, don Allah ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Yulan